Rupin Maratawa a Wuyan Inna

A bayan babbar mota na fara ganinsa, ranar da muka baro Ikko. Gwamnati ta tashi zuwa Abuja, ofishin da mahaifina yake yi wa tuƙi ya bi ta, mu kuma muka bi ofishin da tukwanenmu da katifunmu. Kakata, wadda muke kira Inna, tana zaune a kan buhun gari tana gyangyaɗi. Motar ta faɗa rami, mayafinta ya zame, sai wani abu ya yi walƙiya a ƙasan wuyanta. Farin kuɗi ne mai kauri, gefensa a karkace, rataye da jan zare. Ina yarinya a lokacin, amma na riga na fara satar karanta littattafan soyayya na yayyena, don haka nan take zuciyata ta raya mini cewa akwai labari a jikin abin nan.

Kakana yana gefe, rungume da rediyonsa. Ya lura da inda idona yake, ya ce, "Amarya, daina kallo. Nawa ne. Ajiya na ba ta."

Inna ko ido ba ta buɗe ba ta ce, "Zo ka karɓa."

Shekaru goma sha wani abu bayan wannan tafiya, Allah ya karɓi ransa a gidanmu na Tungan Maje, da hantsi, bayan 'yar jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ina rubuta wannan ne domin yarana sun tashi ba su san fuskarsa ba, kuma waɗanda suka san shi sai raguwa suke yi.

Ranar rasuwar, inuwar mangwaron ƙofar gida ba ta ishi mutane ba. Direbobin tasi da mahaifina ya sani sun jera motocinsu masu kore da fari har bakin titin Gwagwalada. Wata mai sayar da doya ta shigo tana kuka, tana cewa shi ne yake sauke mata kaya duk ranar kasuwa, alhali ya girme ta nesa ba kusa ba. Maƙwabcinmu, wani dattijo Bagware wanda ba Musulmi ba ne, ya zo ya cire hularsa, ya zauna can gefe a kan dutse. Aka ba shi tabarma ya ƙi. Soja yake kiran kakana, kuma abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Soja ya tafi, bai sallame ni ba."

A cikin gida kuwa, bayan an fita da gawar, mata suka kewaye Inna. Gwaggona, wadda ta fi kowa karatun islamiyya a gidanmu, ta durƙusa ta cire mata awarwaro a hankali. Da ta kai hannu wuya, Inna ta dafe wurin.

Gwaggo ta ce, "Inna, sai an cire wannan ma. Mai takaba ba ta ado."

Baffana, babban ɗanta, ya dawo daga maƙabarta ke nan yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "In an cire a ba ni in adana har ranar rabon gado. Kowa ya sha jin Baba yana cewa ajiya ce."

Kowa ya gane inda maganar ta dosa: addini ya ce ta cire, gado kuma yana jiran ta cire ya ɗauka. Inna ba ta dubi Baffa ba. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa ja-in-ja da shi ba. Ta nemi reza, ta yanke jan zaren da kanta, ta zare kuɗin ta ƙulle shi a bakin zanenta, kamar yadda take ƙulle canjin cefane.

Ta ce wa Gwaggo, "Ga shi na cire. Ku gaya wa wancan, ba a hana mai takaba ƙulla kuɗi ba."

Zan dawo kan yadda aka ƙare. Bari in fara faɗin ko wane ne mai kuɗin.

Gajere ne, baƙi, ƙafafunsa sun ɗan gwame, amma ban taɓa ganin ya ranƙwafa ba. Yana saurayi Turawa suka ɗauke shi soja suka kai shi yaƙin Boma. Da ya dawo ya yi gadi a wata ma'aikata a Ikko har ya yi ritaya. Kullum da safe sai ya ninke bargonsa kusurwa huɗu, ya goge takalminsa ko da ba inda za shi. Shayinsa shi yake dafawa, madara da ganyen da citta duk a tukunya ɗaya, yana cewa haka mutanen kirki suke sha. In an kawo masa wanda aka zuba ruwan zafi a kofi, sai ya leƙa ya ce, "Wa ba shi da lafiya?"

Ni ce jikar da ta fi liƙe masa. Yana kirana amarya, ina kiransa ango mai furfura. Na daɗe ina saƙa labarin kuɗin nan a raina, da ruwan sama, da jirgin ƙasa yana shirin tashi, da wata mai jan gyale tana bin taga da gudu. Wata rana bayan la'asar, a ɗakinmu na farko a kwatas ɗin Wuse, na kasa haƙuri.

Na ce, "Kaka, tsakani da Allah. Mai dogon gashi ce ta ba ka, ko? Ta yi kuka?"

Inna tana tsince shinkafa. Hannunta ya tsaya.

Ya ce, "Mai dogon gashin baki dai. Haƙori ko ɗaya babu a bakinsa."

Inna ta ci gaba da tsinta, tana murmushin da take zaton ba wanda ya gani.

A ranar ya ba ni labarin. Zazzaɓi ya kwantar da shi a Indiya, aka kai shi asibitin soja kusa da wani gari mai suna Puna. A bakin ƙofar asibitin akwai wani tsoho mai shayi. Da guntun Turancin bariki da nuni da hannu suka yi abota. Lokacin sanyi ya ga tsohon yana karkarwa, ya ba shi bargonsa, ya je ya sha faɗan saje. Da za a sallame shi, tsohon ya kwance wani tsumma ya ba shi rupin nan, wato kuɗin azurfa na ƙasarsu, ya ce na mutanensa ne, Maratawa, tun kafin mulkin Bature.

Kaka ya sa Inna ta matso ya nuna mini. Rubutun jikinsa irin namu ne na ajami, amma gefe ya yanke rabin kalmomin, saboda da hannu ake bugawa da guduma, kuma hatimin ya fi azurfar faɗi. Ya ɗora farcensa a kan wata 'yar alama mai lanƙwasa.

"Kin ga wannan? Ƙugiyar da ake juya giwa da ita ce. Alamar garin ke nan. Sunan da ke jiki kuwa ba nasu ba ne, na wani sarki ne can a Dilli wanda ko doki ba ya iya hana su ɗauka. Ƙarfi nasu, suna na wani."

Ya ce Maratawa mahaya dawaki ne, sun taɓa riƙe mafi yawan ƙasar, kuma waziri ne yake juya mulkin daga Puna. Sai manyan gidajensu suka shiga faɗa da juna. Ɗaya daga cikinsu ya kawo wa garin yaƙi, waziri ya gudu wurin Kamfanin Turawa, ya sa hannu a takarda cewa su ba shi sojoji su tsare shi.

"Ni na yi gadi, amarya, na san aikin. Mutumin nan ya ɗauki mai gadin da ya fi ƙarfinsa. Da ya farga ya ce zai sallame shi, sai aka ci shi da yaƙi a bayan garinsa. Ya yi ta gudu wata da watanni, daga baya ya miƙa wuya. Ba su kashe shi ba. Suka kai shi can nesa, suka yanka masa fansho, ya zauna yana cin abinci har ya mutu."

Na ce, "To ai ya huta."

Ya dube ni. "Ke ba ki taɓa karɓar fansho ba."

Ya ce da ya warke ya shiga garin, ya ga inda fadar take. Wuta ta cinye cikinta tun da daɗewa, saura katanga da wata ƙatuwar ƙofa mai ƙusoshin ƙarfe da aka kafa don kada giwa ta tunkuɗe ta. Awaki ne suke kiwo a gindinta. Kuɗin kuwa ya fi sarautar daɗewa, don Turawa sun ci gaba da buga shi na wasu shekaru, mutane sun saba da shi. Daga baya suka fito da nasu mai kan sarkinsu, sumul, na inji, aka riƙa tattara tsofaffin ana narkewa. Kakar mai shayin ce ta tura wannan ƙasan tukunyar hatsi, ta hana shi zuwa wuta.

Wannan ne ya sa rigimarsu da Inna ba ta taɓa ƙarewa ba. Da ya auro ta, ya ba ta rupin ta adana. Ita kuwa tana amarya mai son ado, ta kai wa wani maƙerin azurfa a unguwar Hausawa ya huda shi. Kaka ya dawo daga aiki ya gan shi a wuyanta. An ce ya yi kwanaki yana cin tuwo a waje.

"Ya tsallake wutar Bature, ya tsallake teku," in ji shi, "ya zo ya faɗa hannun 'yar ƙauye da ƙusa."

"Kuɗin da ba ya sayen gishiri," in ji ta, "in ba a rataya shi ba, a dafa shi za a yi?"

Tun daga nan ya riƙa cewa ba kyauta ba ce, ajiya ce, kuma zai karɓi abinsa. Ya faɗa a gaban 'ya'ya, ya faɗa a gaban baƙi, ya faɗa ranar sallah. In miya ta yi gishiri sai ya ce, "A ba ni rupina." In ta yi daɗi sai ya ce, "To, a ci gaba da riƙewa zuwa gobe." Mu da ke gidan mun san waƙarsu ce. Ban taɓa karanta wasiƙar masoya da ta kai wannan faɗan daɗi ba, kuma na karanta da yawa. Ba wanda ya yi tunanin wata rana za a zauna a auna maganar a matsayin shaida.

Ƙaurar gwamnati ba ta ba shi mamaki ba. Lokacin da ake loda kujeru da akwatunan fayil a Ikko, mutane suna cewa ba mai iya zama a daji, shi cewa ya yi, "Na taɓa ganin garin da mulki ya tashi ya bari. Yanzu zan ga wanda ya sauka a kansa." Da haya ta yi tsada a Wuse, ya haɗa abin da yake da shi ya sayi fili a Tungan Maje, tun ana dariyar mai saye a can. A nan ya haɗu da maƙwabcin nan namu, wanda aka tashe su daga ƙauyensu domin a gina birnin.

Wata rana na bi su cikin gari. Kaka ya biya kuɗin tasi, ya sa rigarsa ta sallah. Muka sauka gaban wani dogon bene mai gilasai. Dattijon ya yi ta dube-dube, ya daidaita kansa da wani dutse da ke can nesa, sannan ya nuna wurin da motoci suke fake.

"Nan ne rumbun babana. Can kuma, inda jan mota ya tsaya, nan muka binne shi."

Kaka ya haɗa ƙafafunsa, ya miƙe, ya sara wa wurin kamar yana gaban hafsa. Mai gadin benen ya taso yana cewa, "Baba, lafiya? Wa kuke nema? Oga ba ya son a tsaya nan."

Kaka ya ce, "Masu gida muka zo gaisarwa, ɗana. Yanzu za mu tafi."

A hanyar dawowa, da muka wuce Zuba, dattijon ya ce, "Soja, shayin nan naka, yau zan sha." Da ma kullum ƙi yake yi, yana cewa yaji ya yi yawa.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Yana da taurin kai, kuma bai iya lallashi ba. Baffa ya fi kowa shan wannan. Tun yana yaro Kaka yake masa horon bariki, har ya girma ba ya iya zama a gabansa ya sake. Lokacin rasuwar kuma Baffa yana cikin matsi. Rumfarsa ta kayan lantarki ta tafi a wani rusau, ga yara a makaranta. A daidai lokacin ne jita-jita ta cika kasuwar Wuse cewa akwai masu sayen tsofaffin kuɗi da tsofaffin duwatsun guga suna kai wa Turawa, wai guda ɗaya yana sayen gida a cikin gari. Ba wanda ya taɓa ganin wanda ya sayar, amma kowa ya san wani da ya san wani. Baffa ya yarda da maganar har zuciyarsa. A ganinsa, arzikin marayu da jikoki ne yake ƙulle a bakin zane.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaure. Limamin unguwa ya zo. Abin da Kaka ya bari ba shi da yawa: gidan, awaki, rediyo, lambobin yaƙinsa. Inna tana daga bayan labule, ni da Gwaggo muna gefenta.

Baffa ya kawo maganar rupin cikin ladabi, kansa a ƙasa. Liman ya tambayi waɗanda ke wurin, kowa ya amsa cewa lallai ya ji marigayi yana cewa ajiya ce. Mahaifina ya ce, "Amma ai wasa yake yi, Malam." Liman ya ce shi ma ya san haka a ransa, sai dai ba a raba gado da abin da ke rai.

Ya juyo wajen labulen ya ce, "Inna, abin da sauƙi. In ya taɓa ce miki ya ba ki, ko sau ɗaya, ki faɗa ki rantse. Magana ta ƙare, naki ne."

Na riƙe hannunta. Na ji yadda yatsunta suke murza ƙullin. Zuciyata tana cewa ki faɗa, Inna, ki faɗa.

Sai Inna ta ce wa Gwaggo, "Ki gaya musu a cire shi a tumunina."

Tumuni shi ne kashi ɗaya cikin takwas da matar mamaci take samu, kuma nata ya faɗo ne daidai ɗakin da take ciki. Liman ya ce a bari a kai wa maƙera a Wuse su auna, a san ƙimarsa, sai a cire daidai.

"Ba zai hau sikeli ba," in ji ta. "Ba zai kwana a aljihun kowa ba. Su ɗauki tumunin duka, su bar mini abina."

Mahaifina ya ce, "Inna, ɗakinki ne fa."

"Na ji."

Na dubi Baffa. Na ga yana lissafi, na kuma ga kunya tana cinsa. A ƙarshe ya ce ya yarda, sauran ma suka yarda, aka shafa fatiha.

Ba a yi shekara ba jita-jitar kasuwa ta mutu, aka gane ba mai sayen komai. Wani maƙeri da aka kwatanta wa rupin ya ce, da hujin da ke jikinsa, kuɗinsa bai wuce na zobe ba. Filaye kuwa suka yi ta tashi a Tungan Maje, birni yana matsowa. Baffa ya zo har ƙofar ɗakinta ya durƙusa, ya ce a warware, a mayar mata da haƙƙinta. Hawaye yake yi, mutum mai furfura. Ta juya fuska ga bango, ta ce mini, "Ki gaya masa an shafa fatiha. Ya tashi, ƙasa da sanyi. A zuba masa abinci." Daga baya magada suka sayar da gidan, kowa ya kama gabansa. Yanzu gidan mai ne a wurin, an sare mangwaron.

Inna tana Bwari wurin Gwaggo, a wani ɗan ɗaki da tagarsa take kallon gonakin doya. Tana nan da ranta har yau, ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Da ta fita takaba mun saya mata sabon zare, ba ta karɓa ba, ta ce wanda ake yi wa adon ba ya nan. Matan unguwar, Musulmi da Kirista, sun gano cewa sanyin azurfa yana lallashin dasashin jariri mai haƙori, don haka sukan kawo 'ya'yansu. Takan kwance ƙullin ta ba yaro ya ciza, amma ba ta sakin gefe ɗaya.

Watan jiya na je gaishe ta. Na zauna a bakin gadonta ina matsa mata ƙafa, na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina.

"Inna, shekara hamsin. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa ya ba ki ba?"

Ta laluba ƙullin bakin zanenta.

"Ana gobe zai rasu," in ji ta, "na ga jikin ba na tashi ba ne. Na cire na sa masa a hannu, na ce ga ajiyarka, kada ka je can ka ce na ci maka amana. Ya mayar mini, ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce, ke ma dai, tun ranar da kika huda shi ya zama naki."

Na saki ƙafarta. "To me ya sa ba ki faɗa ba? Liman ya ce ki rantse kawai. Da yanzu kina ɗakinki."

"In ɗauki wannan maganar in kai zaure, gaban maza, gaban wancan, in ɗora hannu a kan Alƙur'ani kamar mai rigimar akuya?" Ta gyara kwanciya. "Mu biyu ne a ɗakin. Ni ya gaya wa."

Ta miƙo mini ɗaya ƙafar, ta ce wannan ce ta fi ciwo.